Sikelin Ɗakin Wankin Ƙoda

Litinin, 1 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Inna ta ce na cika magana ni kaɗai a ɗaki, maƙwabtanmu na Damba za su ce Hafiza ta fara taɓuwa. Shi ya sa na sayi wannan littafin. Takarda dai ba ta kai gulma gidan kowa.

Saura mako huɗu in miƙa bincikena. Gidauniyar da ke tallafa wa ma'aikatan jinyar ƙoda nas ɗaya tak take ɗauka duk shekara daga yankinmu, ta ɗauki nauyin karatun ƙwarewa na wata goma sha takwas. Shekara tara ina ɗakin wankin ƙoda a nan Gusau, ina koya wa yara sa allura, su tafi karatu su dawo suna ba ni umarni. Bana ni ma ina so. Ina so ƙwarai, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Sharaɗin ba wuya a baki. Majinyata ashirin, mako goma sha biyu, a auna nauyin kowa kafin a ɗora shi a inji da bayan an sauke shi, a ga yawan ruwan da masu zuwa daga nesa suke tarawa. Wanda ya tsallake zuwa uku a jere ya fita daga binciken, in kuwa sun gaza ashirin ba a ma buɗe takardar. Ashirin cif nake da su. Dokar ɗakinmu ma haka take: ka tsallake uku, a ba na gaba a layi wurinka. Inji huɗu gare mu, layin ya haura talatin.

Yau Malam Ɗantsoho, ɗaya daga cikin ashirin ɗin, ya zo daga ƙauyensu na bayan Tsafe. Litinin da Alhamis da safe, inji na uku nasa ne. Tsohon nan ba ya hawa sikeli kamar mutane. Sai ya cire takalmi, ya cire hula ya ɗora a bakin taga, wai kada hula ta ƙara masa laifi, ya yi bismillah, sannan ya hau yana kallon sama.

"Nawa anka samu, Sista?"

"Sittin da ɗaya, Baba. Ka sha fura ke nan."

"Ludayi guda nis sha. Sauran duk sharrin sikelinki ne."

Da na sauke shi ya dawo 58, nauyinsa na asali, wato in an zare ruwan duka. Ya tafi yana sauri kada yamma ta yi masa a hanya. Hular ma ya manta da ita a taga.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Bai zo ba. Wayarsa ba ta shiga, an ce duk ta wajen can babu sabis tun Talata. Salisu mai kula da injinanmu ya ce an hana babura fita, kasuwar can ma ba ta ci ba. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Kowa a garin nan ya iya irin wannan shirun.

Na rubuta "bai zo ba". Ɗaya ke nan.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Biyu.

Wani dattijo, Malam Dalhatu daga Furfuri ta ƙasar Bungudu, ya zo da 'yarsa Sa'adiya. Ita ce ta farko a layin jira. Shekararta ashirin da huɗu, ƙodarta ta tsaya bayan haihuwa. Sau biyu aka yi mata wankin gaggawa a watan jiya, amma wuri na dindindin take bukata. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga. Na auna ta don cike kati, na duba tsohon katinta, nauyinta na asali 44 ne. Ta kalli injinan da ke aiki ta ce da ni, "Sista, shina da zahi?" Na ce allurar farko ce kawai. Sai ta yi murmushi ta ce in dai allura ce ta saba.

Uban ya ce, "Duk Litinin ina shigowa Gusau sayen kayan shago. Zan riƙa leƙowa, in ba takura."

Na ce ba takura.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Hajiya Hussaina, metron ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene tun azumi. Littafin ɗaki ake sauke mata duk Juma'a ta duba. Ita ta koya mini aikin nan, kuma maganarta ɗaya ce tun ranar farko: "Abin da kika gani shi za ki rubuta."

Yau ma Baba bai zo ba, na uku ke nan. Na ja labulen inji na uku, na kunna shi yana wanke kansa, don a ji ƙararsa. A littafi na sa 61 da 58.

Don Baba na yi. Mutum ya shekara biyu yana tahowa tun asuba, a bayan babur, cikin ruwa da rana, sai a ƙwace masa wuri don abin da ba laifinsa ba? In hanya ta buɗe gobe ya zo ya tarar da wata a kujerarsa, da wane ido zan kalle shi? Don Baba na yi.

Salisu ya leƙa bayan labule, ya ga kujera ba kowa, ya kalle ni. Na ce masa ya je ya duba tankin ruwa. Ya tafi.

Juma'a, 12 ga Yuli, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ni nake buɗe ɗaki. Sikelin yana nan a kusurwarsa ƙarƙashin taga, kuma ba ya kamawa sai an taka shi. Na tarar da shi a kunne. Yana nuna 63, ba kowa a kai.

Na taka shi da ƙafa ɗaya ya mutu. Salisu ya ce batir ne, ya canza.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe bakwai da rabi na safe

64 da rabi. Sabon batir.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Ba na tsoron abubuwa irin na mutane. Na wanke gawa, na riƙe hannun masu cikawa fiye da yadda zan iya tunawa. Amma wannan lambar ta tsaya mini a rai, saboda na san ta. Ba shirme sikelin yake yi ba. Haka nauyin mutum mai kilo 58 yake hawa idan ya yi mako biyu ba a zare masa ruwa ba, yana ƙoƙarin ƙin sha, yana jiƙa leɓe da auduga kamar yadda na koya masa. Ni na rubuta wannan a shafi na shida na bincikena.

Da rana kowa ya hau sikelin yana ba da daidai. Da safe ne kawai, kafin kowa ya shigo.

Malam Dalhatu ya leƙo. Ya ce Sa'adiya ba ta iya kwanciya sai a jingine. Na ce babu wuri tukuna. Ya leƙa ta ƙofa ya ga labule a ja, inji yana ƙara, ya ce, "Allah shi ba mai shi lahiya." Na ce amin.

A littafi na sa 60 da rabi, da 58. Na sauya lambar farkon don kada ta yi kama da ta Alhamis.

Laraba, 17 ga Yuli, da safe

66. Na matsar da sikelin tsakiyar ɗaki jiya kafin in tashi. Na same shi a ƙarƙashin taga, daidai inda hular take. Mai shara ta ce ita ta mayar da shi. Da na sake tambayarta ta ce ba ta tuna ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Da na buɗe ɗaki 66 da rabi. Yau ban taka shi ba, na bar shi a kunne, na ce Salisu ya ɗauko tsohon sikelin sito a auna mutane da shi.

Ina sa wa wata mata allura a inji na ɗaya, wajen ƙarfe tara da kwata, na ɗaga kai. Lambar ta sauka a gabana, ba a hankali ba, lokaci ɗaya, kamar yadda take yi in mutum ya sauko. Sifiri. Can kuma ya mutu da kansa.

Matar ta ce, "Sista, lahiya?" Na ce ban karya ba ne.

61 da 58.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na je Tsafe. Na ce wa Inna biki za ni.

Motar haya tana zuwa har cikin gari yanzu, daga nan ne ba a wucewa. Tun daga Gusau direba ya kashe rediyo. Gonaki sun yi kore shar a gefen hanya, gero ya kai ƙugu, amma ban ga mutum ko ɗaya a ciki ba. A tasha na tambayi mai rake ko ya san mutanen ƙauyen su Malam Ɗantsoho. Ya nuna mini wani gida bayan masallaci, ya ce waɗanda suka fito jiya suna can.

Zauren cike da ƙullin kaya. Na gane matarsa, Inna Yelwa, don ta taɓa rako shi sau biyu. Tana zaune a tabarma a lungu, ba ɗan kunne, ba kwalli, mata na shigowa suna durƙusawa. Ban bukaci a gaya mini ba.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Alhamis da hantsi. Munka rasa abin da za mu ɗauko shi da shi. Har ranar shina cewa Sista na can na aje mai wuri, ba ta bari a ba kowa."

Na ba ta hular. Ta shinshina ta, ta sa a cikin zaninta.

Na yi kuka a motar dawowa, kuka na gaske, ina son tsohon nan. Amma zan rubuta wannan ma tunda takarda ce: kafin mu kai Gusau na riga na ƙirga. Zuwa biyu suka rage. Litinin da Alhamis. Juma'a a miƙa.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ban fita ba. Inna ta yi dambu, ban ci ba.

Litinin, 22 ga Yuli, ƙarfe bakwai da rabi na safe

A kunne yake.

47.

Litinin ɗin dai, ƙarfe huɗu

Na tsaya ina kallonsa na fi minti goma da makulli a hannu. Na ce a raina ko mage ce ta taka, ko sanyin damina ne ya shiga cikinsa. Sai na ɗauko katin layin jira, alhali na san abin da ke ciki. Ba kowa a littafinmu mai nauyi kusa da wannan sai mutum ɗaya, Sa'adiya.

Kwana huɗu ne kawai zuwa Juma'a. Yarinya ce, jikinta da ƙarfi, ba kamar Baba ba. Baba ma kwana goma sha bakwai ya yi. Kuma in na samu karatun nan, mutum nawa zan taimaka in na dawo? Ɗari? Fiye. Zan koyar da wasu, za mu nemi ƙarin inji, Bungudu ma a buɗe ɗaki. Duk wannan a kan kwana huɗu.

Malam Dalhatu ya zo da azahar da ƙullin gyaɗa, wai in kai wa Inna. Ya ce Sa'adiya tana amai, abinci ba ya zama. Na rubuta masa magani, na ce a rage mata ruwa sosai, in numfashi ya tsananta a kawo ta ɗakin gaggawa. Na ce ina sa ran wuri zai samu mako mai zuwa.

"Wani za a sallama?"

"Eh, Baba."

"To, madalla. Mu ba mu son a tashi kowa don mu."

Salisu ya same ni ina jan labule. Ya ce, "Anti Hafiza, har yanzu?" Na ce in yana da magana ya sauka ya gaya wa metron. Na san ba zai sauka ba, ni na sama masa aikin nan. Ya kunna injin da kansa, bai sake kallona ba har muka tashi.

Gyaɗar tana cikin jakata.

Talata, 23 ga Yuli, da safe

47 da rabi. A hankali take hawa. Na ce ai yarinya ce.

Laraba, 24 ga Yuli, da safe

48 da rabi.

Alhamis, 25 ga Yuli, ƙarfe uku

49 da rabi. Na rufe shi da tawul, hasken lambar yana fitowa ta cikin tawul ɗin.

Na cike layin ƙarshe. 61 da 58. Ko jinkiri ban yi ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Inji na uku ya yi awa huɗu yana wanke kansa, ruwa mai tsabta yana shiga, ruwa mai tsabta yana fita, kujera ba kowa.

Gobe.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Na tura binciken. Ƙarfe goma da minti shida saƙon ya shiga. Majinyata ashirin, mako goma sha biyu, ba wanda ya fita.

Na sauka da littafi wurin Hajiya Hussaina na ce mun samu labarin Malam Ɗantsoho ya rasu jiya bayan ya koma gida. Ta yi salati, ta share ido da gefen mayafi, ta ce Allah ya sa ya huta. Ta ce a kira ta gaba a layi. Sannan ta dafa ni ta ce ta karanta bincikena, ba ta taɓa ganin lissafi mai tsabta irinsa ba.

Na kira lambar Malam Dalhatu sau tara. Ba ta shiga. Da safe zan je da kaina, in taho da ita, Salisu ya yarda zai ɗora ta ko da ba ranarta ba ce.

Yau ban ɗaga tawul ɗin ba.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na biya ta ɗaki da sassafe don ɗaukar abin auna jini. Tawul ɗin yana ƙasa, a ninke. Sikelin a mace. Na taka shi ya kama, ya nuna sifiri, lafiya lau, kamar ranar da aka sayo shi.

Duk da haka na tafi. Na hau motar Bungudu, na sauka na ɗauki babur zuwa Furfuri. Duk hanya ina cewa batir ne, tun farko batir ne, Salisu ya faɗa. Mai babur ya tambaye ni gidan wa, na ce gidan Malam Dalhatu mai shago. Ya ce, "Ayya, gaisuwa za ki?"

Tabarmi a ƙofar gida har bakin hanya. Butoci a jere. Malam Dalhatu ya hango ni da farin kaya ya taso da kansa, dattijo guda, a gaban mutane.

"Jiya bayan la'asar," ya ce. "Munka nemi mota ba mu samu ba sai da lokaci ya ƙure." Sai ya juya ga mutanen da ke zaune. "Wagga ita ce Sistar da nike ba ku labari. Kun gani, har gida ta biyo mu. Ta yi iya ƙoƙarinta, wuri ne babu. Allah shi saka miki da alheri, ɗiyata."

Duk suka ce amin. Maza sun fi arba'in, duk suka ce amin.

Aka shigar da ni ciki. Wata tsohuwa tana riƙe da jaririn Sa'adiya, wata uku da haihuwa, ana ba shi madara da cokali. Aka miƙo mini shi, wai in sa masa albarka.

Litinin, 29 ga Yuli

An ba wani mutum daga Damba inji na uku. Sikeli lafiya.

Alhamis, 8 ga Agusta

Lafiya lau yake. Kullum sifiri. Ni ce dai hawa benen nan yake ba ni wuya, sai na huta sau biyu. Inna ta ce tafiyata ta canza.

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Saƙon ya zo. Ni aka zaɓa. Sun ce abin da ya burge alƙalan shi ne, a yanki mai wahalar hanya irin namu, ban rasa majinyaci ko ɗaya ba. Hajiya Hussaina ta hau bene da sandarta, karo na farko tun azumi, ta rungume ni. An sayo lemo. Salisu ya ce yana azumi.

Saura takardar shaidar lafiya, daga wani asibiti ba namu ba.

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na je wani ƙaramin asibiti a cikin gari inda ba a san ni ba. Nas ɗin yarinya ce, ba ta fi wata shida da fara aiki ba, tana ta "Anti, Anti". Ta auna jinina, ta auna tsawona, ta ce in hau sikeli. Nauyina 63 ne tun ina makarantar jinya, ko azumi ba ya taɓa shi.

Na cire takalmi. Ban san lokacin da na yi bismillah ba.

165.

Ta yi dariya ta ce sikelin nan ya fara hauka. Ta sa na sauka, ta hau da kanta, ya ba ta nata daidai. Ta ɗauko wani daga ɗakin awon ciki, irin mai allura, wanda ba ya amfani da batir. Na hau. Allurar ta zagaya ta tsaya a wuri ɗaya da na farko.

Ita ta daina dariya. Ni kuwa na riga na haɗa: 63 nawa, 58 na Baba, 44 na Sa'adiya. Nauyinsu na asali, an zare ruwan duka, ko ɗigo babu.

Ta riƙe biro a kan fom ɗin gidauniya tana kallona, ta ce, "Anti, me zan rubuta?"

Na ce ta rubuta abin da ta gani.